Muryar da Ke Kan Tef Ɗin Vinko

Topolnik, 14 ga Oktoba, 2008

Zuwa ga Inna Zdravka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aiki da sanyin Jamus. Na san za ki juya ambulan ɗin nan kina cewa wace ce kuma wannan. Ni ce Tihana, 'yar marigayiya Ljerka, wadda kakanki da kakanta wa da ƙane ne. Rabonki da ni tun ban san kaina ba. Adireshinki a bayan littafin addu'ar Baba na tsince shi bayan rasuwarsa, shekara biyar ke nan. Mu nan lafiya lau, sai dai mijina Dražen da ke fama da gwiwa, yana kuma sa dukan gida fama da shi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ista mai zuwa wasan cocinmu na shan wahalar Yesu, Kafin Zakara Ya Yi Cara, zai cika shekara talatin. Tun kafin tsoho Vinko ya rasu ni ke riƙe da na'urar sauti, kuma ni aka ɗora wa rubuta ɗan littafin tarihin wasan da za a raba wa 'yan kallo. Na tattara abin da na iya. An fara shi a azumin 1979 a ɗakin ƙarƙashin coci, tsakanin gangunan kabeji mai tsami na Fada Alojz, da jita biyu masu lantarki da mai kiɗan ganga wanda bai taɓa karanta Linjila ba. An ce da jitar farko ta yi ƙara tsofaffin mata goma sha ɗaya suka miƙe, ɗaya tana cewa, "In wannan ne kiɗan sama, a bar ni a ƙasa." Washegari duk suka dawo, kowace da kujerarta. A 1982 aka zaga ƙauyuka tara a bayan tarakta. A shekarar yaƙi an yi shi sau ɗaya tak, da batirin mota, babu ganga, domin mai gangar yana bakin daga kuma bai dawo ba. A 1996 aka kai shi Zagreb, inda mai yin Bitrus ya faɗo daga dandamali yana cikin musun Ubangiji. Yesu shida muka yi, Yahuza huɗu, amma muryar Maryamu ɗaya ce.

Kin san tsarin. Wadda take Maryamu takan tsaya gindin gicciye ta juya wa jama'a baya, ba ta buɗe baki. A kashe jita, a ajiye sandunan ganga, sai a kunna tef ɗin da Mama ta rera waƙar Maryamu a kai. Shekara biyu da wata bakwai gare ni ta mutu, don haka wannan minti huɗun su ne iyakar abin da na sani na muryarta.

Tef ɗin yana mutuwa, Inna. Duk kunnawa sai ya bar jar ƙura a kan na'ura. Mun kwafe shi a kwamfuta, amma mun makara, muryar ta dusashe kamar ana waƙa a bayan ƙofa. Akwai kuma wani abu. Yanzu kafin kowane baiti ana jin wata siririyar murya tana faɗin kalmomin tun kafin a faɗe su. Mai gyara ya ce zaren da ya daɗe a nannaɗe ne yake shafa wa na kusa da shi sauti. Na yarda da shi, amma ba na son zama ni kaɗai a ɗakin in yana juyawa.

Vinko ya taɓa ce mini tef biyu aka yi ranar da aka ɗauka, "ɗayan yana wajen malamar nan ta Jamus." In yana nan, ba a kunna shi ba sosai, to muryar Mama tana wajenki garau. Don Allah ki taimaka mini da shi.

'Yarki,
Tihana

Stuttgart, 6 ga Nuwamba, 2008

Tihana 'yata,

Na sami takardarki, na gode da gaisuwa. Lafiyata ƙalau in ban da baya, wanda ɗaga tsofaffin Jamusawa daga gado shekara ashirin da bakwai ya cinye. Ki gaishe da mai gwiwa, ki ce masa ya rage naman alade. Na yi baƙin cikin jin rasuwar Zvonko, ba wanda ya faɗa mini. Babanki mutumin kirki ne mai riƙon baki.

Tef ɗin da kike nema ba ni da shi. Kada ki sake tambaya, amsar ba za ta sake ba.

Tunda tarihi kike rubutawa, ki gyara: matan da suka fita tara ne, ba goma sha ɗaya ba, biyun fitsari ne ya fitar da su. Kuma wadda ta yi maganar kiɗan sama ita ta fi kowa kuka a ƙarshe.

In za ki ji shawarar tsohuwa, ki bar tef ɗin nan ya huta. Ki nemi yarinya mai rai, mai murya, ta juyo ta fuskanci mutane ta rera musu. Shekara talatin ana juya wa jama'a baya ai ya isa. Sunan Ljerka kuwa ki sa shi a littafin da manyan baƙaƙe, amma ba waƙar nan ce abin da ya kamata a tuna ta da shi ba. Da tana nan, ita za ta fara yi wa abin nan dariya.

Innarki,
Zdravka

Topolnik, 15 ga Nuwamba, 2008

Inna Zdravka,

Ina gaisuwa, muna lafiya. Zan tafi kai tsaye domin raina a ɓace yake, kuma ban iya ɓoyewa ba.

Na karanta layinki na ƙarshe sau biyar. Ba waƙar ce abin da ya kamata a tuna ta da shi ba? To da me? Da wandunan da ta ɗinka wa mutane? Na kai takardar wa Ruža, wadda ta fara yin Magadaliya a wasan, yanzu da sanda take tafiya amma bakinta da ƙarfinsa. Ta ce, "Wannan malamar ta Osijek? Ai na tuna ta. Kullum tana maƙale a bayan ɗaki da gyale har hanci, kamar mai satar kallo. Ko jana'izar uwarki ba ta tsaya an gama ba. Ke yarinya, wannan ƙyashi ne, ita ta so a ce ita ce Maryamu." Ban so in yarda ba, amma ban ga wata fassara ba.

Bari in gaya miki abin da kike cewa in bari ya huta. Kowace shekara in an zo waƙar nan Baba yakan tashi ya fita waje shan taba, bai taɓa iya zama ya ji ba, har ya mutu. Ni kuwa ina zaune, ina ƙoƙarin haɗa muryar da hoton aurensu. Da ita na koyi yadda Mama ke jan numfashi. Ranar da na haifi 'yata na sa Dražen ya kawo mini ita asibiti a ƙaramar rikoda, ungozoma tana yi mana kallon mahaukata. Yarinyar sunanta Ljerka, kuma da wannan waƙar take barci. Mutanen garin nan da suka binne 'ya'yansu a yaƙi, wajen wannan muryar suke zuwa su yi kukan da ba sa yi a gida.

In kina da shi kin hana, Allah yana gani. In akwai wani abu tsakaninki da Mama, ita ta tafi, ni kuma ban yi miki komai ba.

Tihana

Stuttgart, 20 ga Janairu, 2009

Tihana 'yata,

Barka da sabuwar shekara, da fatan ƙaramar Ljerka ta ji daɗin Kirsimeti. Ba fushi ne ya hana ni amsa ba. Sau huɗu na fara takardar nan ina yagawa. Ki zauna kafin ki karanta.

Uwarki ba ta iya waƙa ba. Ko kaɗan. In ta ɗaga murya a coci, na kusa da ita sai sun ɓata layi. Ita kanta takan ce Allah ya ba ta hannu ya hana ta maƙogwaro. Muryar da ke kan tef ɗin tawa ce.

A 1979 ina koyarwa a makarantar gwamnati a Osijek. Ku yaran yanzu ba za ku gane ba, amma a lokacin malamar da aka ji tana waƙa a coci ta gama aiki, har ƙannenta ma sai sun ji a jikinsu. Fada Alojz ya ji ni ina rera wani abu a ɗakin ɗinkin Ljerka, ya nace. Na ce ba zan hau dandamali ba. Vinko ya ce to a ɗauka a tef. Na ce in aka tambaya muryar wa ce fa? Sai uwarki, tana cizon zare, ta ce, "Ku ce tawa ce. Me za su yi mini, su kore ni daga keken ɗinkina?" Amarya ce daga ƙauye, ba wanda ya san ta a Topolnik, ni ma ba wanda ya san ni. Juya baya da Maryamu ke yi daga nan ya samo asali, don kada a ga baki bai bi waƙa ba. Ba wata hikima ba ce, tsoro ne.

Sau biyu hukuma ta kira ta. Na biyun wani jami'i ya ce, "To rera mana mu ji." Ta nuna wuyanta ta ce mura, ta yi masa tari a kan takardunsa har ya kore ta. Ta dawo tana kwaikwayonsa muna dariya. Abin da nake nufi ke nan da na ce ba waƙar ba ce. Ba raini ba ne, 'yata.

Mun yi niyyar faɗin gaskiya in zamani ya sake. Sai ciwo ya ɗauke ta cikin wata uku. A jana'izar Fada ya sa aka kunna tef ɗin, cocin ya ɗauki kuka, ni ina tsaye a baya ina jin muryata tana fitowa daga wajen akwatin gawa. Shi ya sa na fita. Cikin shekarar na bar ƙasar.

Babanki ya sani, dole ya sani, matarsa ce. Ba baƙin ciki kaɗai ke fitar da shi waje ba. Ya rubuto mini sau ɗaya ya ce kin fara nuna lasifika kina cewa Mama, kuma ba shi da zuciyar da zai ƙwace miki.

A 1988 na zo a ɓoye na kalli wasan. Matar da ke kusa da ni ta kama hannuna tana hawaye ta ce, "Ki ji, baiwar Allah, wannan muryar matacciya ce." Na ce mata haka ne. Da na koma Stuttgart na ɗauko nawa tef ɗin na jefa a shara. Tun ranar ban sake waƙa ba, ko a wanka. In na buɗe baki sai in ji kamar ina taɓa kayan mamaci.

Ki zage ni in kina so, kin fi Ruža hakki.

Innarki,
Zdravka

Topolnik, 2 ga Maris, 2009

Inna,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Katinki biyu na tambayar ko takardar ta iso duk sun zo. Ta iso.

Sati uku ban shiga ɗakin na'ura ba. Na ce wa 'yan wasa mura nake yi, kin ga abin gado ne. Na je kabarinta na tsaya na rasa abin cewa, domin duk maganar da na taɓa yi mata a raina, da muryarki take amsa mini. Jiya ƙaramar Ljerka ta ce in yi mata waƙar Kaka, na yi mata, ban faɗa mata komai ba. Ban faɗa wa kowa ba sai Dražen.

Ba zan zage ki ba. Na so in yi, na kasa, domin muryar da ta rene ni ce zan zaga. Amma ji nake an sake binne mini ita, wannan karon ina da wayo.

Tambaya ɗaya gare ni. Yaya muryarta take? Babba ce ko siririya? Da sauri take magana?

Tihana

Stuttgart, 9 ga Maris, 2009

Tihana 'yata,

Na gode wa Allah da na ga rubutunki. Takardarki na hannuna na zauna a kan matakala, sai abin ya faɗo mini, na tashi ban ko cire rigar aiki ba nake rubuta wannan.

Ba sai na kwatanta miki ba. Tana kan tef ɗin. Ranar da muka ɗauka, da rana ne a ɗakin ɗinkinta, Vinko ya kunna na'ura tun ban shirya ba, ita kuma tana magana tana dariya. Daga baya ya ɗiga jan farce a kan zaren, daidai inda waƙar ta fara, don ya riƙa kunnawa daga nan a wajen wasa. Ku duk daga jan alamar kuke farawa. Ki mayar da zaren baya har farkonsa, can inda ba wanda ke zuwa. Bai fi rabin minti ba, amma ita ce, ita da kanta.

Da na tuna da wannan a 1988 da ban jefar da nawa ba. Wautata ce, muryata kawai nake ji a ciki. Ki je yanzu, ki rubuto mini.

Innarki,
Zdravka

Topolnik, 17 ga Maris, 2009

Inna,

Ina gaisuwa. Na je. Da takardarki a hannu na je, ko rigar sanyi ban ɗauka ba.

Babu komai kafin jan alamar sai farin zaren roba da ake ɗaura wa tef don a saƙala shi a faifai. Na sani tun ina kan hanya, amma na ci gaba da gudu.

Bakin tef shi ke fara lalacewa, domin shi ake kamawa da hannu kullum. Ka'idar Vinko ita ce duk inda ya tauye a datse da reza a liƙa sabon baki. Shi tsawon ɗan yatsa ɗaya yake cirewa, yana guna-guni kamar ana cire masa haƙori, ni kuma ina yi masa dariya. A 1999 hannunsa ya fara rawa ya bar mini aikin. A zagayen farko da na yi ni kaɗai, a wani ƙauye kusa da Požega, bakin ya cukurkuɗe a na'ura saura kwata a fara wasa. Na duba na ga doguwar jela kafin alamar, wadda ba a taɓa kunnawa ba. Na ce me ake da wannan? Na datse ta gaba ɗaya, na bar tsawon ɗan yatsa biyu. Har na ji daɗin kaina, na ce na gyara abin da tsoho ya kasa. Na tuna na dunƙule ta na jefa a murhun ɗakin, domin ana sanyi kuma murhun na kusa.

Da Vinko ya ga sabon bakin ya tambaye ni ina sauran. Na faɗa masa. Ya shafa sabon bakin da yatsa, sannan ya ce, "To, aikin ya yi tsabta." Na ɗauka yabo ne.

Ta kasance a hannuna, Inna. Shekara ashirin tana nan, taku ɗaya daga inda nake sa yatsana, ban taɓa mayar da zaren baya ba. Yanzu in na rufe ido ina jin nauyin ɗan dunƙulen nan a tafina, ba shi da nauyin komai.

Mai buga littafin yana jirana, ban san sunan da zan sa ba. Wannan zan iya jira. Abin da ba zan iya jira ba shi ne ki rubuto mini abin da ta ce. Kalma da kalma, kada ki gyara, kada ki ƙara don ki faranta mini.

'Yarki,
Tihana

Stuttgart, 25 ga Maris, 2009

Tihana 'yata,

Ina gaishe ku duka. Kada ki ɗauki wannan ke kaɗai, mu biyu muka zubar da ita, ke da reza, ni da shara, kuma ni na san abin da nake riƙe da shi. Sunan Ljerka ki bar shi a littafin yadda yake. Ita ta je gaban hukuma da shi.

Kwana uku ina neman muryar a kaina. Ba zan yi miki ƙarya ba, ta tafi. Ina ganin bakinta yana motsi, ina ganin allura a wuyan rigarta, amma in na matsa sai in ji tawa. Kalmomin kawai suka rage, su kuwa na tabbata da su.

Kina da wata shida, kina barci a kafaɗarta. Ni ina tsaye gaban makirufo ina ta shafa gashina don tsoro. Sai ta ce, "Ke malama, bar gyaran gashin nan, ba hoto za a ɗauka ba." Vinko ya ce a yi shiru, tef yana tafiya. Ta yi dariya, irin wadda ake yi da hanci don kada a tashi yaro. Kika motsa. Ta sauke murya ta ce miki, "A'a, Tihana, kwanta. Ina nan. Ba inda zan je."

Daga nan ta ɗaga mini gira, na fara.

Na juya ranar nan ta kowane gefe ko zan sami wata kalma in ƙara miki, babu. Iyakarta ke nan.

Innarki,
Zdravka